Na Zaɓi Rogo, Yaya Asabe

Zuwa ga yayata Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Yau wata biyar ke nan da rasuwarki, amma har yanzu in abu ya ƙona mini rai ke nake fara nema. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya ga dama ya karanta, dama maganar ta riga ta zama ta gari.

Bayan sadakar arba'in ɗinki takardu biyu suka same ni. Ɗaya daga babban asibitin da nake aiki a Kano, an ƙara mini girma, za a danƙa mini ɗakin yara gaba ɗaya in zama babbar nas a cikinsa. Ɗaya kuma ta ƙaramin asibitin Rogo ce, inda aka shekara ana neman nas mai ilimin karɓar haihuwa, ba wadda ta yarda ta je. Na yi mako biyu ina juya su, na yi istihara, na zaɓi Rogo. Tun daga ranar ban huta da bakin mutanen garinmu Karaye ba.

Kawu Sule ne ya fara. Da na zo gida ɗaukar 'yarki, ya sa aka kira ni zaure, a gaban mutane. Ya ce, "Dije, ashe karatun nan bai waye miki kai ba? Ana ɗaga ki sama kina zamewa ƙasa. Wa ya taɓa barin birni ya tafi Rogo wankin gyambo?" Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Kawu."

Ai na san abin da ke masa ciwo. Duk wanda ya kwanta rashin lafiya a dangi, ɗakina na Kano ne masaukinsa, ni ce mai tsallakar da shi layi zuwa gaban likita. Ranar kasuwa kuma a samu na faɗi a rumfa: 'yarmu ce babba a asibitin birni. Wannan ne zai rasa, ba ci gabana ba.

Kin tuna, shi ɗin nan ne dai, ranar da na yaye yarinyar na kawo miki ita, ya tsaya a tsakar gida yana cewa bai taɓa ganin uwar da za ta jefar da 'yar cikinta ta tafi kwana a kan marasa lafiya ba. Kika fito daga madafa da muciya a hannu kika ce, "Ba jefarwa ta yi ba, Kawu, ni na roƙa ta ba ni." Alhali ba ki roƙa ba. Ni na zo miki da kuka, don aikin kwana ya hana ni riƙe ta. Da na bar ta, na zama marar imani. Yau da na dawo gare ta, na zama wawiya. Don Allah, Yaya, ina suke so mutum ya sa kansa?

Ba su kaɗai ba. Shugabar nas-nas ɗinmu ta kira ni ofis ta ce na yi butulci, gwamnati ta horar da ni zan je in binne ilimina a ƙauye. Ita ce fa wadda na tsaya a gabanta shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, lokacin da kika aiko direban motar Karaye ya gaya mini ƙyanda ta kama yarinyar. Na roƙi kwana uku. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Kowa nan yana da 'ya'ya. In kin tafi wa zai tsaya?" Kwana tara na yi ina goge jikin 'ya'yan mutane da ruwan ɗumi, ina ɗiga musu magani a ido, ban san ko tawa tana da rai ba.

Da na samu zuwa, na tarar da ita goye a bayanki, fatarta tana saɓa. Na miƙa hannu, ta cusa fuska a wuyanki. Kika ce, "Ba ƙin ki take yi ba, warin magani ne a jikinki." Kin faɗa ne don ki rufa mini asiri, mu biyun duk mun sani.

Ba zan yi miki ƙarya ba, barin Kano ya yi mini zafi. Ina son aikin nan. A can akwai likita, akwai lantarki, in yaro ya shiɗe akwai abin da za a kama. A nan ɗaki biyu ne da rumfa, sai firji mai kananzir da ke mutuwa in ya ga dama. Ruwa daga rijiya. Mota kuwa in ba ranar kasuwa ba sai an yi cigiya. Ranar da haihuwa za ta zo wa wata a karkace, ni kaɗai ce, sai Allah. Ina jin tsoron wannan rana, kuma na san tana zuwa.

To amma babbar nas a ɗakin yara ba ta da Juma'a, ba ta da Sallah. Tun ina juya takardun, da na tambayi Kawu yadda zan yi da yarinyar in na zauna Kano, cewa ya yi a kai wa matarsa ta riƙe. Yarinyar da ta ga an fita da ke a makara, ita za a sake miƙa wa hannu na uku kamar ƙwaryar aro? Wallahi a nan ne na ji shawarata ta tsaya a kan Rogo.

Malam mijina bai ja da ni ba. Ya nemi a mayar da shi firamaren Rogo, aka ba shi, don ana neman malamai ko'ina. Yanzu sunansa a Karaye mijin-ta-ce. Da labari ya zo masa dariya ya yi, ya ce allo da alli duk ɗaya ne, a Kano ko a Rogo. Ni ce dai abin ya tsaya wa a rai. Namiji ya yi wa iyalinsa adalci, sai a mayar da shi abin ba'a.

Mun tare, yau kwana ashirin. Matan da a da ba sa zuwa awo, don malamin asibitin namiji ne, sun fara fitowa, wasu daga ƙauyuka a ƙafa. Ina tashi aiki bayan azahar. Ana biyo ni gida, ba na musu, amma la'asar tana yi mini a tsakar gidana, ina ganin 'yarki tana wasa a gindin turmi. Kin san bakina ba ya iya kama sunanta, 'yar fari ce. Kuma ko ba haka ba, taki ce.

Ran Juma'a na zaunar da ita zan yi mata kitso, karo na farko tun da na haife ta. Na yi layi biyu. Sai ta ɗaga hannu ta shafa, ta ce, "Inna ba ta ja haka." Na warware na sake. Ta ce har yanzu ba haka ba ne. Sau uku muna yi. Daga baya ta kama yatsuna da ɗan hannunta tana nuna mini yadda kike yi.

Yaya, shekararta biyar, ban san ba ta cin kuɓewa ba. Ban san tana tsoron tinkiya ba. In ta yi jugum tana kallon ƙofa, ban san me kike ce mata ba, kuma ba wanda zan tambaya. Da na san tafiyarki kusa take, da na zauna kin koya mini ita.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan kowane dare da kika raya dominta. Allah Ya huci zuciyata a kan Kawu, don har yanzu ban huce ba. Ni kuma Ya ba ni ikon riƙe amanar da kika bar mini, ko da rabin yadda kika riƙe tawa. Amin.

Ƙanwarki,
Dije
Rogo