Ta'aziyyar Verlon Mabry da Batun Fayafayai Goma Sha Biyu

Ƙungiyar Makaɗa da Mawaƙan Kudu Mazauna Detroit
Laraba, 18 ga Oktoba, 1989

Cikin alhini, da nauyin zuciya irin na mutumin da yau shekara talatin da ɗaya da wata huɗu rabonsa da gida, nake sanar da jama'a, a madadin Shugaba, Mista Burl Hatchett, da dattawa da ɗaukacin 'ya'yan wannan ƙungiya, cewa mun sami labarin rasuwar ɗan'uwanmu, fitaccen mawaƙin rokabili da kantiri, wato salon kiɗan mutanenmu na Kudancin Amurka, Dikin na majami'ar Baptist ta garin Cane Ford kuma jagoran mawaƙanta, Kanar na girmamawa, Mista Verlon Hoyt Mabry, wanda Ubangiji ya kira ranar Litinin da hantsi a gonarsa da ke yammacin Tennessee, yana da shekara hamsin da bakwai. Kanar ɗin nan saboda waƙa aka ba shi, don ni a sanina bai taɓa harbin abin da ya fi kurege ba, amma tunda yana rubuce a takarda, ga shi na rubuta.

Ni aka ɗora wa wannan aiki saboda a cikinmu babu wanda ya daɗe da sanin marigayi kamata. A gona ɗaya muka tsinci auduga muna yara. A shekarar 1955 muka fara shirin Asabar da tsakar rana a ƙaramin gidan rediyon garinmu, shi da jita, ni da bes, ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana marin tsirkiyarsa. Makirufo ɗaya ne, kamar yadda ake yi a lokacin: mai waƙa ya tsaya baki da baki da shi, mai bes kuwa injiniya ya ja masa layi da alli, taku biyar a baya. In na ɗan matso, sai Verlon ya waiwayo yana dariya ya ce, "Dewey, koma bayan allinka mana, gogen nan naka mai kama da ɗakin kare zai cinye min murya." Shekara uku ina kallon ƙeyarsa. Har yau zan iya zana ta.

Wannan ƙungiya na shaida wa duniya cewa ba a yi murya irin tasa a yankinmu ba, kuma ni da nake rubutawa na fi kowa sani, don na fi kowa neman aibinta. Yakan ɗauko baiti a hankali kamar mai roƙon gafara a majami'a, kafin ya dire shi sai muryar ta karye ta yi 'yar shaƙuwa, mata su bar wanki a baho su taho bakin rediyo da kumfa a hannu. Bai koye ta ba, bai wahala a kanta ba. Sigari yake sha, ya ci soyayyen tarwaɗa da barkono, ya tashi da ita garau. Ni na bar sigari, na sha zuma da lemon tsami har cikina ya gaji, tawa dai tana nan kamar ƙyauren rumbu. Ban ce an zalunce ni ba. Cewa na yi Mai rabon bai yi shawara da ni ba.

Marigayi ya yi fayafayai biyu a Memphis, na farkon da ni, na biyun da mai bes na kamfani, don sun ce shi kaɗai suke so, shi kuma bai ce musu a'a ba. Da yayin rokabili ya wuce, bai yi ƙorafi ba, ya koma gida ya kama noman waken soya. Shekara talatin yana jagorantar waƙa a majami'a, kuma ba a binne mutum a Cane Ford ba tare da ya je ya rera ba, ko sun shirya da mamacin ko ba su shirya ba. A wannan ya fi ni, na amince. Can kuma sai samarin Ingila masu shafa mai a kai suka tono faifanmu na farko, suka sake buga shi, suka aiko masa da tikitin jirgi har sau huɗu. Wani abokin aikina a masana'antar motoci ya kawo min bangon faifan. Ga hoton Verlon ya cika shi, a ƙasa an rubuta: mai bes, ba a san shi ba. Na ajiye bangon, na koma ɗaure ƙofofin mota.

Shugaba ya duba wannan takarda, da ya iso nan ya ce, "Haba Dewey, ta'aziyya aka ce ka rubuta, ba ƙara ka shigar ba. Yanke sauran." Na ce masa sauran ba ƙara ba ce, amsa laifi ce, kuma iyalin marigayi na da hakkin su ji ta a bainar jama'a. Ya ce to in sa hannu ni kaɗai. Na sa.

A zamanin shirinmu, injiniya kan yanka mana faifan gwaji idan waƙa ta yi masa daɗi. Wanda ya san shi ya sani: farantin ƙarfe ne da aka shafa wa baƙin fenti mai laushi, kwafi ɗaya tak, kuma duk sa'ad da allura ta bi ta kansa sai ta kankare wani abu daga muryar. Guda goma sha biyu muka tara a akwati. Ranar da na bar gida, a watan Yunin 1958, na ɗauko akwatin daga bayan motar Verlon ban gaya masa ba. Na ce a raina tunda ya tafi da suna, ni in tafi da wannan. Bai taɓa tambayata ba. Abin da ya yi, kowace Kirsimeti sai ga ɗan fakiti ta gidan waya, allurar garmaho ce a ciki, babu wasiƙa, babu ko gaisuwa. Na ɗauke shi tsokana, na zage shi duk shekara. Amma alluran, ban bar ko ɗaya a fakiti ba.

Jiya da safe Uwargida Nadine Mabry, matar marigayi, ta kira ni a waya. Ta ce, "Ɗan'uwa Dewey, ban kira ka don tonon tsohon zance ba, mun tsufa. 'Gadar Katako' nake so a sa a majami'a ranar Asabar wurin jana'iza. Da ita ya nemi aurena, kuma babu ita a ko'ina sai a akwatin nan. Na san yana wurinka, shi ma ya sani." Na ce mata ai ni na rubuta waƙar. Ta ce, "Na sani mana, Dewey. Verlon bai iya rubuta ko sunayen kayan cefane ba. Za ka kawo, ko ba za ka kawo ba?" Na kasa gaya mata gaskiya a waya, don haka ga ta a rubuce.

Uwargida Nadine, faifan ya kusa ƙarewa, kuma ni na cinye shi. Kowace Lahadi bayan sujada nakan ɗora ɗaya daga cikinsu, ina ce wa kaina bes ɗina nake saurare, ina neman inda Verlon ya kuskure. Shekara talatin da ɗaya ban samu ba. Ban taɓa kwafe su a kaset ba, don in na kwafa, na amsa ke nan cewa ina buƙatar muryarsa. "Gadar Katako" na fi ɗorawa, sai da na ji muryar ta fara nitsewa cikin ƙara kamar ta ruwan sama a kan kwano, na tsorata na bari, yau shekara shida. A ganina juyi ɗaya ya rage mata, kuma tun jiya hannuna ke ƙaiƙayi in gwada, ban gwada ba. Wannan juyin naki ne. Don Allah a tanadi sabuwar allura, a kuma kunna rikoda kafin a ɗora faifan, ba bayan an ɗora ba.

Wannan ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Uwargida Nadine da 'ya'ya da jikoki, da Fasto da dattawan majami'a, da jama'ar Cane Ford baki ɗaya, waɗanda a karon farko cikin shekara talatin za su yi jana'iza babu mai rera musu. Muna roƙon Ubangiji ya karɓi bawansa cikin salama, ya ba iyalinsa ƙarfin zuciya da haƙurin jure wannan rashi, ya kuma gafarta wa waɗanda suka ɓata shekaru suna ƙyashin kyautar da ba su suka raba ta ba.

Ba zan ba gidan waya faifan ba. Ranar Juma'a da safe zan ɗora akwatin a kujerar gaba in tuƙo shi da kaina. Kada a tanadar min wuri a sahun farko. A baya zan tsaya, na san wurina.

Ga abin da na iya tsirarwa. Goma sha biyu na ɗauko. Uku danshin ɗakin ƙasa ya ɓare musu fenti. Bakwai na cinye da saurare, babu abin da ya rage a kansu sai ƙara. Saura biyu. Ɗaya "Gadar Katako", mai juyi ɗaya. Ɗayan kuwa na ranar da mura ta kama Verlon ne, aka ce in matso gaban makirufo in rera da kaina. Wannan yana nan sabo ful. Sau ɗaya aka taɓa ɗora shi.

Sa hannu:
Dewey Lassiter
Kakakin Ƙungiyar Makaɗa da Mawaƙan Kudu Mazauna Detroit
Mai bes a faifan farko na marigayi