Saura Lahadi ɗaya a gama sanarwar auren ƙanwata

Barkanmu da war haka 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Ni malamar firamare ce a Sabon Tasha. Ɗana na fari shekararsa bakwai bai taɓa cewa Mama ba, ga farfaɗiya, in ta buge shi ji nake kamar raina zai fita. Mun sha addu'a, mun sha magani, a ƙarshe wata likita ta ɗebi jininmu ni da shi aka kai waje. Da sakamako ya dawo ta ce wata ƙwayar gado ce ta samu matsala, aikinta haɗa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su miƙa wa juna saƙo, kamar inda ake ɗaure wayar lantarki. Ta ce a wurina ya ɗauka, mata na iya ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau, a jikin 'ya'ya maza take fitowa. Sai ta tambaya ko akwai mai irin wannan a dangin uwata.

Na tuna kawuna da ake kullewa a ɗakin baya a ƙauye, wai mayu ne suka kama shi. Na tuna yayana da ya rasu yana shekara biyar bai yi magana ba.

To yanzu ƙanwata za ta yi aure. Coci ta sa sun yi gwajin jini ita da wanda zai aure ta, ita AA shi AA, aka yi ta guɗa wai jini mai kyau. Ni kuwa likita ta faɗa min wannan gwajin, sikila kawai yake gani, ba ya ganin namu, ƙanwata tana iya ɗauke da ita, tana iya tsira, sai an gwada.

Na sami Mama da maganar, ko mamaki ba ta yi ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Ta rufe ƙofa ta ce ta daɗe da sanin akwai abin da ke bin mazan gidanmu, in na buɗe baki ba mai sake neman 'yar gidanmu, kuma kar in ƙara kiranta uwa.

Sau biyu Fasto yana sanarwa cewa duk wanda ya san wani dalilin da zai hana auren ya faɗa, sau biyun ina sunkuyar da kai. Jiya ƙanwar tawa ta kawo min anko, tana share wa ɗana yawu da bakin zanenta, tana dariya wai ita 'ya'ya maza huɗu take so a jere. Na kasa haɗa ido da ita.

Jibi ne sanarwa ta uku. In ja ta gefe in faɗa mata in rasa uwata, ko in ɗaura ankon in yi rawa, in zauna jiran ranar da za ta haifi namiji?