Ganyen da Na Gasa a Ƙirjina

Zuwa ga Dilshada, 'yar Wasta Sonaullah,

Ya ke hasken idona, sanyin ƙirjina, za'afaran ɗin shayina! Ya ke tuffar da ke can ƙololuwar reshe, inda hannun gajere irina ba ya kaiwa! Ya ke wadda in ta gifta bakin tafki masu kwale-kwale ke manta tuƙi! Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida baki ɗaya. Ni dai jiki lafiya lau. Hankalin ne ake shakka a kansa, kuma kafin ki kai ƙarshen takardar nan ke ma za ki shiga sahun masu shakkar.

Bari in faɗa tun yanzu, kada zaƙin baki ya ɗauke ni: na ɓata mayafin. E, shi ɗin dai. Mayafin fashmina, lallausan ulun nan mai tsada, da zan kai wa mahaifinki ranar Alhamis, wanda a kansa zai ce ya ba ni ke, ko ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Wata biyar ina duƙe a kansa har wuyana ya ƙage, har allura ta yi wa yatsana kanta, ashe kunyar kaina nake ɗinkawa sili-sili. Wayyo ni Fayaz! Wa zan kai ƙara, alhali ɓarawon da mai kayan duk ni ne?

Kin tuna ranar nan ta kaka a lambun Nasim, da bishiyoyin cinar suka kama ja kamar an cinna musu wuta? Kina tafe da yayarki, ni kuma ina biye daga nesa, ina ta duba sama wai ni mai nazarin rassa ne, har na yi tuntuɓe sau biyu. Kika sunkuya kika ɗauki ganye ɗaya. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na san ba zan ƙara ba: tsakiyarsa ja wur kamar garwashi, gefensa ruwan goro, bakin-bakinsa ruwan ɗorawa, ga ɗan kore da ya maƙale wajen tsinken yana gardamar tafiya. Kika miƙo mini ba tare da kin dube ni ba, kika ce, "An ce kai gwani ne. To, gwani, yi mini wannan." Yayarki ta tuntsire da dariya. Ni kuwa na karɓa da hannu biyu.

Kin fi kowa sanin yadda sana'armu take. Mai zane ya buga hoton a kan mayafi da hatiminsa na katako, a kai wa mai zaɓen launi ya ɗinka ɗan misali a kusurwa, mu masu allura mu bi kamar tumaki. Ba a tambayarmu, mu ma ba ma tambaya. Shekara arba'in mahaifinki ke zaɓa wa unguwarmu launi, har ake ce masa Wasta, wato ubangidan sana'a, kuma ko ni duk abin da na taɓa ɗinkawa idonsa ne ya riga hannuna. Shi ya sa da kawuna ya je masa da maganarmu, ya kurɓi shayin gishirinsa ya ce, "Yaron yana da hannu, wannan na sani. Ido nake son in gani. Ya zaɓi launinsa da kansa ya kawo mini. Amma ku gaya masa sau ɗaya nake duba aiki."

Da na ji haka sai na ce ai ta zo gidan sauƙi. Wane ido ya kai naki, wanda ya zaɓi ganyen nan? Na sa aka buga mini ganyen cinar tun daga wannan baki har wancan, na naɗe ganyenki a farar takarda, na nufi shagon Lassa Kak mai zare ina taku kamar wanda ya gaji kasuwar.

Dilshada, da kin ga yangar da na yi a shagon nan! Na sa dattijo ya sauko da alharini kala ashirin. Na fita da su bakin ƙofa don hasken rana, na ɗora ganyen a kan kowanne, ina karkata kai ina tsuke baki irin na mahaifinki. Na ware ja iri uku, ruwan goro biyu, ruwan ɗorawa ɗaya, da kore ɗan mitsitsi. Sai na ce a ba ni na mako biyu kawai. Lassa Kak ya sauke tabarau ya ce, "Ɗana, kwashi zarenka gaba ɗaya yau, daga tukunyar rini ɗaya. Haka kakanka ya yi." Ni kuma, don a san na isa, na ce, "Kak, ni ba zaren shago nake bi ba, ganye nake bi. Duk zuwa zan gwada da shi." Ya dube ni, ya dubi ganyen, ya ce, "To, malamin ganye, Allah ya ba da sa'a."

A kan ɗinkin kuwa ban yi ha'inci ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Abokaina sun ce in yi ɗinkin sarƙa da ƙugiya in huta, wata ɗaya an gama. Na ce sarƙa ta labule ce da rigar matashi, ba ta kafaɗar Dilshada ba. Sozni na yi, ɗinkin hannu mafi ƙanana, da allura mafi siranta, sili ɗaya tak. Jijiyoyin ganye na bi su da ɗinki karkatacce, cikon kuwa na jera shi kusa-kusa har iska ba ta samun hanya, na ɓoye kowane ƙulli yadda in kin juya bayan ba za ki bambanta shi da gaban ba. Kowane soki da sunanki na yi shi. Inna ta ce ko gaisuwa aka yi mini sai in amsa da "Dil", ban sani ba ko sharri take mini.

Sannan sanyi ya sauko, dusar ƙanƙara ta toshe lunguna, kowa ya shige cikin feran ɗinsa, babbar rigar sanyi, ya rungumi kangiri, 'yar tukunyar garwashin da ake sawa a cikin riga. To, ina masoyi zai ajiye kyautar masoyiyarsa? A akwati, kamar wani marar zuciya? A'a! A aljihun ƙirji na sa ganyen, dab da zuciyata. Abin da ban tsaya na tuna ba, dab da zuciyar tawa akwai tukunyar garwashi tana huci tun safe har yamma. Wata biyar, ya ke farin cikina, ina gasa ganyenki a hankali kamar mai gasa gurasa, ina kiran abin soyayya.

Duk mako biyu in je shago, in buɗe takarda, in gwada. Jan garwashi ya koma ruwan anta, na bi shi. Ruwan anta ya koma makuba, na bi shi. Makuba ta koma ruwan ƙasa, ban ko tsaya ba. Lassa Kak yakan ce, "Ka tabbata?" In ce na tabbata. Har faɗa na yi masa wata rana, wallahi, na ce, "Kak, jan nan naka ya cika ihu, marinan yanzu ba su da kunya." Jan da na saya da hannuna a watan farko nake zagi! Bawan Allah sai ya miƙo mini wani zare mai kalar bayan jakin mai gawayi, ni kuwa na ce yauwa, ga shi nan daidai.

Za ki ce, makaho ne kai, ba ka duba abin da ka ɗinka a baya? Ai kin san yadda muke yi. Inda aka gama a naɗe shi cikin farin ƙyalle a tsare shi daga hayaƙi da tartsatsi, faɗin tafin hannu kawai ake bari a kan gwiwa. Na yau yana kama da na jiya, na jiya yana kama da na shekaranjiya. Ta ina zan gane?

Shekaranjiya da safe na kai mayafin bakin kogi. Mai wanki ya wanke, ya ware shi a kan ciyawa cikin rana, tsawonsa duka. Ya taka daga wannan baki zuwa wancan, ya dawo, ya ce, "Fayaz, mutum biyu ne suka yi aikin nan? Na farkon ango ne, na biyun daga jana'iza ya dawo." Na duba. Gefe ɗaya wuta ce ke ci bal-bal, ɗaya gefen kuwa sharar da ake tarawa a ƙone. Na kwaso shi na dawo gida na shimfiɗa wa Inna, ina jiran ta yi salati. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ai tun wata na uku na gani. Na buɗe baki ka ce in bar ka da fasaharka."

Kwana biyu ke nan ina juya abin. In warware? Fashmina ba ta yafe allura, ramuka za su rage kamar asu ya yi walima. In jefa shi tukunyar rini ya zama kala ɗaya? Sai in kashe jan da na ɗinka ina jin muryarki a kunnena. Kawu ya ce akwai wani tsohon mayafi a hannun abokinsa, mai kyau, ba wanda ya san shi, in ɗauka in ce nawa ne. Na ce a'a. Mahaifinki da ke gane hannun kowa a unguwar nan daga bayan ɗinki? Ko da ma ba zai gane ba, ba zan shigo gidanku da ƙarya a hammata ba. Wautata zan kawo, ita ce tawa.

Tsoro nake ji, Dilshada, ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron ya ninke shi ya turo mini ya ce a zuba wa baƙo shayi. In haka ta faru na rasa ki, kuma ba wanda ya raba mu sai ni da aljihuna. Yaya zan yi da kaka mai zuwa? Ta wace hanya zan bi in je kasuwa, alhali kowane lungu na garin nan da cinar a bakinsa? Abinci ya fita raina, allurar ma na kasa zura mata zare, ni da nake zurawa ido rufe.

Ga abin da na shirya faɗa masa, in harshe bai ci amanata ba. Zan ce, Wasta, ka nemi ido, kuma gaskiyarka, ba ni da irin naka. Abu ɗaya 'yarka ta ba ni. Na duba shi kullum har wata biyar, ya bushe, ya dushe, ya yamutse a hannuna, ban taɓa lura ba. Kullum na buɗe takardar nan ganyen ranar farko nake gani. A mai zaɓen launi wannan aibi ne babba. A miji kuwa, kai za ka faɗa.

Na san zai iya yin dariya, zai iya korata. Roƙona gare ki ɗaya ne, ya ke abar begena: ranar Alhamis ki tsaya bayan labule ki ji da kunnenki. Ko ya ba ni ko ya hana, ina so ki san ba don in tsira na shirya maganar ba. Ranar da gashinki zai yi fari, ranar da tafiya za ta gagare ki sai da sanda, za a sami wani tsohon wawa a gefenki yana rantsuwa yadda ya gan ki a lambun Nasim haka kike, yana faɗa da duk wanda ya ce kin canza.

Naki tun daga jan har ruwan ƙasan, wanda ba zai juya ba muddin yana numfashi,

Fayaz mai allura