Kwana Uku Ruwan Yana Ɗiga

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ke da maigidan da yara kuna lafiya, ciwon ƙafar nan kuma ya sake ki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na tausaya wa malamai na bar musu makarantarsu.

Daga bencin asibiti nake rubuto miki. Mutuniyarki, matata, ce ba lafiya. Ran Litinin tana wanki ta ji ruwa na bin ƙafarta, ga ciki wata bakwai. Ta ce mu tafi asibiti. Ni kuwa gwani, shekara ashirin ina gyaran famfo, sai na tambaye ta ɓulɓulowa yake ko ɗiga. Ta ce ɗiga. Na ce abin da ke ɗiga ba ya gaggawa. Na shimfiɗa mata leda a katifa, har da tsokanar ko in ɗauko sifana in ɗaure, na tafi aiki.

Ran Alhamis jikinta ya zama garwashi, ruwan na wari, ko zani ya taɓa cikin sai ta yi ƙara. Likita ta ce faya ce ta fashe, hanya ta zauna a buɗe, cuta ta shiga ruwan da yaron ke kwance a ciki. Ta tambaye ni tun yaushe. Yaya, sai na ji bakina ya ce jiya. Mutuniyarki tana karkarwa ta ɗaga yatsu uku.

Yanzu aka shiga da ita tiyata. A taya mu addu'a.

Ƙaninki,
Dogo

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jikin naki?

Namiji ne. Kwana biyu ya yi a kwalbar jarirai ya koma. Da aka miƙo mini shi a tawul, sai da na duba ko yana ciki. Kunnuwana ya kwaso, bawan Allah, abin da ya samu a wurina ke nan.

Ita ta rayu, zazzaɓin na sauka, ana ta ƙarin ruwa da allurai. Tana amsa gaisuwar nas, tana amsa ta mai shara. In na shigo sai ta juya ta fuskanci bango. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.

Likita ta ce in ba ta ci abinci ba, ɗinkin ba zai kama ba. Ko cokali ɗaya ba ta karɓa daga hannuna. Ki yi wa Allah ki shigo motar gobe ki ba ta. Ni zan tsaya a waje.

A gaida kowa.

Ƙaninki,
Dogo