Ta Yi Wa Gadon Jariri Fenti, Ni Kuma Na Nemi Likita

Anti Beryl,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kafin sha tara ga wata, don ranar ce likita ya ba ni a Cairns. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Wannan ta biyar ce, kuma ba zan sake karanta ta ba, in ba haka ba ita ma kwandon shara za ta. Na canza sunayen kowa, ko da yake duk wanda ya san Mareeba sosai zai iya lalubo ni.

Shekarata arba'in da huɗu. Sana'ata auren mangwaro. Nakan yanko reshe daga itace mai kyawun 'ya'ya, in tsaga ƙaramin itace, in cusa reshen, in naɗe da leda, su zama abu ɗaya. Tun ina ɗan sha takwas, da na gama sakandare, nake yi a gonar wani dattijo, Enzo. Tun wannan shekarar kuma nake rubuta littafin kullum: yanayin gari, itace nawa na aura, nawa suka kama, sai layi ɗaya ko biyu a kan gida. Littafi ashirin da shida ke nan yanzu.

Matata Rosanna shekararta arba'in da biyu. 'Ya'yanmu biyu. Tahlia, babbar, ma'aikaciyar jinya ce a Townsville, bara ta yi aure. Brodie kuma ya tafi koyon gyaran injina a Mount Isa a watan Fabrairu. Shekara goma sha huɗu da suka wuce na je aka yi min aikin tsayar da haihuwa na maza, aka yanke jijiyar da ke kai maniyyi. Ba wanda ya tilasta ni. Rosanna ta sha wuya da hawan jini a cikin Brodie, ƙwayoyin hana ɗaukar ciki da take sha kuma suna sa mata ciwon kai. Ni na kawo maganar, ta ce, "Duk yadda ka gani." Rabin mazan da muke kallon zari-ruga tare sun riga ni yi. Na kwana biyu a kan kujera da ledar ɗanyen wake mai ƙanƙara a cinya, wanta Gavin ya leƙo ta taga yana cewa, "Sannu da shigowa garke, Taure! Ka zama kankanar kanti, ga zaƙi ba iri." Har yau Taure yake ce min. Na yi dariya a lokacin, kuma da zuciya ɗaya na yi ta.

Tun da Brodie ya tafi gidan nan ya yi mana yawa. Ban taɓa sanin firij yana ƙara haka ba. Ranar Lahadi da rana sai in ɗauko tsofaffin littattafan in zauna a baranda, wai ina duba yadda ruwan sama ya kasance a shekarun baya. Ƙarya nake wa kaina, layin ƙasa nake karantawa. "Tahlia ta yi barci a kwalin mangwaro a rumfar shirya kaya, mata suna ta tsallake ta." "Brodie ya ciji ɗanyen mangwaro, ya yi fushi da ni kamar ni na zuba tsamin." Akwai ranar da na rubuta kalma uku kawai: "Ta kira Baba." Ina tuna nauyinsu a kafaɗata in muka bi layin itatuwa da safe, da yadda Tahlia ke riƙe kunnuwana kamar tana tuƙa babur, in ta ja na dama in yi dama. Ina tuna warin madara a wuyan rigata, har Enzo yana cewa, "Ɗana, kai ke shayarwa ko ita?" A lokacin kuwa kullum a gajiye nake, Allah-Allah nake su girma. Da na duba littattafan, kusan kowane shafi akwai kalmar gajiya. Ban san me ya sa yanzu ba na jin gajiyar in na karanta ba.

Sai na kai ga ranar aikin. Ga abin da na rubuta: "12 ga Yuni. Sanyi. An yi, minti ashirin. Rosanna ta tuƙo mu gida. Ba ta ce komai ba." Anti, na karanta wannan layi ya fi sau talatin. Shekara goma sha huɗu ban taɓa tambayar kaina me shirun nan ke nufi ba. Ko na rufe mata ƙofar da take so a bari a buɗe?

Ga abin da ya sa na nemi likita. A watan Maris muka yi gwanjon tsofaffin kaya a ƙofar gida, ranar Asabar. Kekunan yara, tantin fita daji, akwatunan kayan wasa, duk suka tafi. Akwai gadon jariri da mahaifin Rosanna ya sassaƙa da hannunsa kafin ya rasu, shi ma na fito da shi. Wata mata ta taya, sai Rosanna ta taso daga kujera ta dafa shi ta ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne." Ta kalle ni ta ce, "Kai kuma wa ya aike ka?" Na mayar da shi sito. Wannan ban ɗauke shi komai ba, kayan uba ne. Amma a ƙarshen Afrilu na dawo daga gona na same ta ta fito da shi tsakar gida, ta kankare tsohon fentin, tana shafa masa sabo, ruwan ƙwai, tana waƙa. Rabon da in ji ta tana waƙa na manta. Ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi, ta ce, "Me ka tsaya kallo? Miƙo min tsumma." Na miƙa. Ban tambaya ba.

Na san za ki ce me ya hana. Abu na farko da Enzo ya koya min shi ne, in ka ɗaure aure, ba ka buɗewa ka leƙa sai an yi sati uku. Idon reshen kake kallo daga waje. In ya yi kore ya kumbura, ya kama. In ya yi baƙi, ya mutu. "Mai buɗewa shi ke kashewa," haka yake cewa, yana kaɗa min wuƙa. Haka na saba da komai. Ina kallo, ina rubutawa, ina jira. Kuma abin da na gani ya yi min kama da toho.

Sauran abubuwan da na rubuta, ko za su yi miki amfani. Kwanakin nan Tahlia na kiran uwarta kusan kullum, Rosanna ta fita baranda ta rufo ƙofa. Ina jin kaɗaicin gidan take kai wa 'yarta, tun da ni ba na iya hira. Da Tahlia ta zo hutun Ista ma ba ta sake da ni ba. Na haɗa mata kofi yadda take so, ta ture kofin ta ce, "Baba, ɗauke min, don Allah." Na soya jatan lande ta ƙi ci, ta wuni a kwance. Wataƙila ita ma tana ganin laifina ne a kan uwarta.

Na karanta cewa ana iya sake haɗa jijiyar. Ni kuwa haɗa abin da aka yanke shi ne aikina, na san yana yiwuwa, na kuma san ba duka ke kamawa ba. Niyyata in je in ga likita ni kaɗai, in ya ce da fata, a yi aikin, sannan in faɗa mata, don kada in ɗaga mata rai a banza. Wata rana sai in ga wannan shi ne abu mafi kyau da zan yi mata. Wata rana kuma in lissafa in ga zan kai sittin da biyar kafin yaron ya kai ashirin, ga gwiwata ta hagu da ta fara magana. Sai in rasa ko ita nake so in faranta wa, ko ni ne kawai nake so a sake riƙe min kunnuwa.

In je ko in fasa?

Mai Auren Mangwaro, Mareeba

* * *

Ya kai Mai Auren Mangwaro,

Na gode da ba ka yaga ta biyar ba. Na karanta ta sau biyu, kuma layin nan na kwalin mangwaro ya tuna min da nawa 'ya'yan. Kewar da kake ji ba abin kunya ba ce. Uwaye mata sun saba faɗinta, iyaye maza ne ba su cika samun bakin faɗa ba.

Bari in fara da aikin, tun da shi ka tambaya. Gaskiya ne ana sake haɗa jijiyar, kuma mutane da yawa sun haihu bayan haka. Amma ya fi na farko tsawo da tsada, kuma yadda shekaru suka yi nisa tsakani, haka fatan ke raguwa. Goma sha huɗu ba kaɗan ba ne. Ko aikin ya yi kyau a wajenka, rabin zance ke nan. Ɗaya rabin mace ce mai shekara arba'in da biyu wadda hawan jini ya taɓa wahalar da ita a ciki, kuma ita za ta ɗauka wata tara. Ban ce ba zai yiwu ba. Akwai ma'auratan da suka haihu a shekarunku suna ta godiya, akwai kuma wasu hanyoyin da likita zai iya bayyana muku. Na ce muku, ban ce maka ba. Duk likitan kirki, tambayarsa ta farko ita ce ina matarka.

Don haka maganar a yi aiki a ɓoye, cire ta daga ranka yau. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Wancan karon kai ka yanke shawara, ta ce duk yadda ka gani, ga shi shekara goma sha huɗu kana zargin kanka. Yanzu kuma kana shirin maimaita abin, ta ɗaya gefen.

Dokar Enzo mai kyau ce, a gona. Itace ba shi da baki, dole ka karanci idonsa. Rosanna tana da baki, kuma daga yadda ta ce maka wa ya aike ka, ba ta yi min kama da mai tsoron amfani da shi ba. Shirun da ta yi a mota ranar nan yana iya zama baƙin ciki. Yana kuma iya zama mace ce tana tuƙi a hankali don kada ramin hanya ya girgiza mijinta. Littafinka ba zai faɗa maka ba ko ka karanta sau ɗari, don kai ka rubuta shi.

Yanzu ka zauna da kyau. Ka ba ni labarin amarya 'yar shekara ɗaya da aure, wadda ta ture kofi, ta ƙi jatan lande, ta wuni a kwance, tana kiran uwarta kullum a rufe ƙofa. Bayan 'yan makonni uwar ta fito da gadon jariri tana fenti tana waƙa. Ɗana, ka san dai a nan ba a cika sanar da ciki ba sai ya wuce wata uku, kuma uwa ce kaɗai ake raɗa wa kafin nan. Ni ba boka ba ce, ina iya yin kuskure. Amma da ni ce kai, kafin in nemi likita, kalanda zan nema.

Ga abin da za ka yi. Ranar Lahadi bar littattafan a inda suke. Ka haɗa shayi kofi biyu, ka kira ta baranda, ka faɗa mata kana kewar yara har abin ya kai ka ga neman likita. Ka tambaye ta abin da ke ranta ranar da ta tuƙo ka gida. Ka tambaye ta gadon na wane ne, in kuma ta ce ba ita ke da ikon faɗa ba, kada ka matsa. In ya zamana da gaske tana son wani ɗa, kai ma kuma ka auna gwiwarka ka ga za ta ɗauka, ku tafi Cairns tare ranar sha tara, ku ji gaskiyar lamari daga bakin masani. In ba haka ba, ka buga waya ka soke, ba ka yi asarar komai ba. Ko ta wace hanya, ka riƙa kiran Brodie da Tahlia da kanka. Gidan ya yi shiru ne, amma ba ka daina zama uba ba.

In kuma hasashena ya yi daidai, ina roƙonka abu ɗaya. Ranar da Tahlia ta zaunar da kai don ta faɗa maka, ka yi kamar ba ka taɓa jin sunan Anti Beryl ba. Ta daɗe tana jiran ta ga fuskarka.

Allah ya ba ku lafiya, kai da Rosanna, ya sa mangwaron bana ya yi albarka.

Anti Beryl