Mijina Ya Dafa Igiyar Fiton Mahaifiyata

Anti Scholastica,

Ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi nadama. Mijina Gervase ya dafa igiyar yistin mahaifiyata. Ya tsinko ta daga ƙusar da take rataye a rumfar girki, ya jefa ta a tafasasshen ruwa, ya shanya ta a rana, sannan ya kawo mini ita fes yana jiran godiya.

Da igiyar nan mahaifiyata Nna Ayuo ta yi fito, giyar dawarmu, duk rayuwarta. Ita ake tsomawa a ruwan tsiron dawa in ya huce, gari na wayewa tulu ya ɗauki kumfa. Daga hannun kakata ta karɓe ta. Ƙarshen watan nan za a yi bikin cikarta shekara da rasuwa, ni ce babbar 'ya, ni zan yi fiton. Gwaggonnina za su fara kurɓa kafin kowa, kuma sun san ɗanɗanon gidanmu. Na gwada igiyar a ƙaramin tulu, ruwan ya kwana ya wuni shiru kamar kunun jinya.

Tun da mutumin nan ya yi ritaya daga asibiti, inda aikinsa dafa almakashi da kwanoni ne, ban huta ba. Ya sayo tukunyar ƙarfe, wai ta ƙasa tana ɓoye ƙwayoyin cuta. Ya sayo ma'aunin zafi yana cusa mini a kowane tulu. Ni da nake gane zafi da bayan hannu, yanzu sai Dokta ya duba ya ba da izini. Ya yi fiton citta, ya yi na zuma, ya yi na ɓawon abarba wanda ko aladunmu sun shinshina dusarsa sun juya. Firjin da nake sa kifi ya cika shi da ƙananan kwalabe, don duk fiton da aka yi a gidan nan, nawa da nasa, sai ya kwashi abin da ya kwanta a gindin tulu ya adana, wai don nazari. Nazarin me?

Da na yi masa magana cewa ya yi, “Haba Madam, igiyar nan fa baƙa ƙirin take, da a asibiti ne da an kore ki.” Na ce to Dokta, ka dafa ni ni ma, ai na fi ta tsufa a hannunka. Tun ranar tuwo kawai nake ajiye masa, ba na tanka masa. Ba mugu ba ne, shi ya riƙa kai Nna asibiti a babur har ta cika. Amma ina so in kwashe kwalaben nan da ma'auninsa in zuba a rami, in tafi gidan ƙanwata a Jirapa. Me zan gaya wa gwaggonnina?

Mai Tulu Ba Kumfa, Nandom

*

'Yar'uwa,

Kada ki taɓa kwalaben nan. Zan dawo kansu.

Fushinki yana kan gaskiya. Gervase ya taɓa abin da ba nasa ba, bai tambaya ba, kuma da ya ga ɓarnar sai ya kawo zancen asibiti maimakon ya ba da haƙuri. Baƙin da ya wanke shi ne amfanin igiyar. Yisti abu ne mai rai, tafasa tana kashe shi, kuma wanda ya yi shekaru yana dafa almakashi ya fi kowa sanin haka. Ki nuna masa wannan shafi: yana da haƙurin da zai bayar, ba tare da lacca ba.

Sai dai ke ma ki lura. Mutumin da ya tashi da safe bai da inda za shi, ya zo ya tsuguna a rumfarki, ba raina ki ya yi ba. Wuri yake nema. Ki ba shi kusurwarsa da tukunyarsa, ya yi ta abarbarsa a can, da sharaɗin hannunsa ba ya zuwa kan tulunanki.

Yanzu kwalaben. Abin da ke kwanciya a gindin tulu yawancinsa yisti ne, kuma sanyi ba ya kashe shi nan take, kwantar da shi yake yi. Kin ce har na fitonki yana ɗiba. Ke nan akwai yiwuwar yistin Nna Ayuo yana cikin firjin da kike son kwashewa. Ki sa shi ya nuna miki kwalbar fitonki na ƙarshe, wadda ba citta ba zuma. A buɗe ta a hankali, tana iya yin tsiri. A zuba a ɗan ruwan tsiro mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Nan ki bar shi ya sa ma'auninsa, ke ki sa bayan hannunki, ku yarda da wanda ya fi taka-tsantsan. In ya yi kumfa, a ƙara masa ruwan tsiro, sannan a tsoma igiyar a ciki ta sha, a rataye ta inda take.

In bai tashi ba, ki nemi matan da mahaifiyarki ta taɓa ba wa yisti, a unguwa ba a rasa su. Kuma ki gaya wa gwaggonninki gaskiya da bakinki tun kafin su kurɓa. Jirapa kuwa ki je ziyara bayan biki, ba da kaya a kai ba.

Ku gwada yau, lokaci bai da yawa. Allah ya ji ƙan Nna Ayuo, ya sa a yi taro lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Abin da ban sani ba shi ne sau nawa aka ɗauke muku wuta tun da aka sa kwalbar a firji. Wannan kuwa, tulu ne kaɗai zai faɗa.

Anti Scholastica