Makullin da Na Bari a Gwangwanin Zare

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ya ƙi shiga.

Yaya, na kulle kaina a waje. Sabar kamfaninmu, wato kwamfutar da ke riƙe da odar kwastomomi, tana wata ƙasa. Daga nesa nake shigarta da makullin sirri da ke cikin kwamfutata. Ni da hannuna na toshe shiga da fasuwod, wai tsaro. Shekaranjiya kwamfutar tawa ta mutu murus. Na gwada ta ofis har na gaji, sabar ta ce ba ta san ni ba. Maigida ya daina amsa gaisuwata, ga takardar zamana a hannunsa.

Don girman Allah ki duba gwangwanin zaren Inna. Akwai jan filashi, ɗan abin nan na ajiye fayil da ake sokawa a kwamfuta, a ciki na ajiye kwafin makullin kafin in taho. Ki turo min fayil ɗin da ke ciki da kanki, kada ki ba kowa. In Inna ta tambaya, ki ce hotuna ne.

Allah ya jiƙan Baba. Shekara nawa ina masa dariya don yana rataya makullin shago a wuya.

Ƙanenki